Gaskiya Kafin Sulhu: Darasi Daga Rasuwar Imam Abdullahi Haron

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, aya ta 13 cikin Suratul Hujurati ta karantar da cewa Allah Ya halicci mutane daga namiji da mace, Ya sanya su dangogi da ƙabilu domin su san juna, kuma taƙawa ce ma'aunin daraja a wurinSa. Gwamnatin Turawa tsiraru da ta hau mulkin Afirka ta Kudu a 1948 ta gina dokokinta bisa kishiyar wannan karantarwa. Dokar 1950 ta raba wuraren zama bisa launin fata. A 1966 aka keɓe wa Turawa Gunduma ta Shida a birnin Cape Town, aka tashi mutane fiye da 60,000, aka rushe gidajensu, sai masallatai da coci-coci aka bari tsaye a fili.

A wannan birni ne Imam Abdullahi Haron yake limancin masallacin unguwar Claremont tun 1955. Shi bai yarda da katangar da hukuma ta gina tsakanin bayin Allah ba. Yakan shiga unguwannin baƙar fata, kamar Langa da Nyanga, yana karantarwa, yana kuma taimakon iyalan waɗanda aka ɗaure. A ranar 28 ga Mayu, 1969, 'yan sandan ciki suka kama shi, suka tsare shi kwana 123 ba tare da kai shi gaban alƙali ba. Ya rasu a hannunsu ranar 27 ga Satumba. Suka ce faɗowa ya yi daga matakala, alhali jikinsa cike yake da raunuka, har da karayar haƙarƙari. Binciken 1970 ya ce ba laifin kowa ba ne.

Mulkin wariya ya faɗi a 1994. A 1996 Hukumar Gaskiya da Sulhu, ƙarƙashin Desmond Tutu, ta fara zama. Sharaɗinta shi ne, mai neman afuwa sai ya bayyana dukan abin da ya aikata. Mutane fiye da 7,000 suka nema, 849 suka samu. Amma maganar Imam Haron ta zauna yadda aka rubuta ta a 1970, har matarsa Galiema ta rasu a 2019 ba ta ji an gyara ba. Sai a watan Oktoba 2023 babbar kotu ta yanke cewa azabtarwa ce ta kashe shi, bayan yawancin masu laifin sun mutu.

Mai tambaya zai ce, mene ne amfanin hukuncin da ya zo bayan shekara 54? Amsar tana cikin babin tuba. Malamai sun ce sharuɗɗan tuba uku ne: barin laifin, da nadama, da ƙudurin ƙin komawa. Idan kuwa laifin ya taɓa haƙƙin ɗan Adam, akwai na huɗu, watau mayar da haƙƙi ga mai shi ko neman yafewarsa. To, yaya za a yafe abin da mai laifi ya ce bai faru ba? Ƙaryar da aka rubuta a kan mamaci zalunci ne na biyu, kuma iyalinsa ne ke ɗauke da shi kullum.

Akwai abin lura cikin labarin Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu. Da ya zo ya musulunta, Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya tambaye shi game da kisan, shi kuwa bai musa ba. An karɓi Musuluncinsa, ba a rama ba, amma Annabi ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Wannan ya nuna afuwa tana zuwa ne bayan amsa laifi, kuma wanda ya yafe ba a tilasta masa ya nuna kamar ciwon ya warke. Aya ta 40 cikin Suratus Shura ta tabbatar wa wanda aka zalunta haƙƙinsa tukuna, sannan ta kwaɗaitar da shi ladan yafewa da gyara.

Saboda haka duk al'ummar da launi ko ƙabila ta raba, kada shugabanninta su gaggauta cewa a mance da baya. A fara da faɗin gaskiya, a mayar da gidaje da gonakin da aka ƙwace gwargwadon iko, a saurari masu kuka, sannan a roƙi afuwa ba tare da tilasci ba.

Allah Ya ji ƙan Imam Haron, Ya haɗa zukatan bayinSa a kan adalci. Amin.