Kafin Ka Miƙa Kuɗin Kakarka ga Manajan Asusu

Idan manomin Kuchi ko Dogon Daji ya sayar da shinkafa bayan kaka, kuɗin kan tafi ga sayen bijimi, ko buhunan ajiya, ko adashi. Yanzu kuma ga samari da waya a hannu, daga Tambuwal har Kebbe, suna tallar asusun zuba jari na haɗaka: jama'a su tara kuɗi, ƙwararre ya juya, a raba abin da aka samu gwargwadon jarin kowa. Shawarata, kada ka fara da tambayar nawa za ka samu. Tambayi ina kuɗin za su kwana.

Manajan asusun halal, irin wanda Lotus Capital ta buɗe a 2008, da tankaɗe yake farawa. Kamfanin giya, na caca da bankin da ke cin kuɗin ruwa, duk waje. Waɗanda suka rage sai a duba littattafansu. A ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke Bahrain, bashin ruwan da ke kan kamfani kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shiga mai shubuha kuma kada ya wuce kashi 5. Wannan ɗan kason ma cire shi ake yi a bayar sadaka.

Halasci kaɗai ba ya sa a saya. Ɗauki BUA Cement, mai masana'anta a Kalambaina kusa da Sakkwato. Kai kana ganin tireloli suna wucewa ta Tambuwal zuwa Jega, ka ce kasuwa na ci. Manaja kuwa zai tambayi nawa makamashi ke cinyewa a kowane buhu, nawa ne bashin, ko ana raba riba duk shekara, sannan ko farashin hannun jarin bai riga ya yi tsada ba. Kamfani nagari da aka saya da tsada, asara ce.

Daga nan sai rabo, kamar manomin da ke shuka tudu ya shuka fadama don kada damina ɗaya ta kayar da shi. Wani kaso ya shiga hannayen jari, masu hawa da sauka. Wani ya shiga sukuk, wato takardar jari marar kuɗin ruwa, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a Satumban 2017, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana biyan haya duk wata shida. Kaɗan kuma a bar shi a hannu saboda masu son cirewa. Mai shirin aurar da 'ya bana ba shi da haɗi da asusun da hannayen jari suka yi wa yawa.

To, me za ka yi? Nemi takardar da ke nuna inda aka zuba kuɗin da kason kowane wuri. Tambayi ladan manaja, domin yana ɗauka duk shekara, a ci riba ko a faɗi. Gwada ribar da hauhawar farashi: a 2024 ya haura kashi 30, wanda ya samu ƙasa da haka dukiyarsa raguwa ta yi. Ka kuma tabbatar asusun na da rajista a hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, kuma dukiyar tana hannun mai ajiya na daban, ba aljihun manaja ba.

Duk wanda ya rantse maka da ninki cikin wata guda, tuna yadda tsarin damfara na MMM ya rufe asusun mutane a Disambar 2016, ka riƙe kuɗinka.