Kiɗa Da Rawa A Gidajen Jiyya

A ƙauyukan ƙasan nan ba a raba mutum da kiɗa tun daga ranar sunansa. Mu ɗauki Mugulbu, a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu cikin Jihar Adamawa, can wajen iyakar Kamaru. Mutumin wannan yanki ya tashi yana jin ganga a gonar gayya, da kiɗan biki bayan kaka, da waƙar mata wajen daka da niƙa, da algaita in ya shiga Mubi ran salla. To, a ce tsufa ya kama shi, ko ɓarin jikinsa ya shanye, ko hankalinsa ya taɓu, aka ɗauke shi zuwa asibitin koyarwa na Yola ko asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya da ke Maiduguri, ya yi wata da watanni a kwance. Za a ba shi magani da abinci da gado. Amma harshen da ya ke mafarki da shi, Guɗe ne ko Fali ko Fulatanci, mai yiwuwa ba zai ji shi ba sai ran da wani nasa ya samu kuɗin mota. Kiɗan garinsu kuwa ya rabu da shi ke nan.

Irin wannan zama shi ne na mazauna gidajen jiyya, watau gidajen gajiyayyu kamar na Shahuci a birnin Kano, da asibitocin kutare kamar na Garkiɗa da Yadakunya da Amanawa da Babbar Ruga, da gidajen marayu da na naƙasassu. Wannan darasi zai bayyana amfanin kai musu makaɗa da masu rawa, da yadda ya kamata a yi abin don kada garin neman gira a rasa ido.

Abu ne mai asali

Kada mai karatu ya zaci wani sabon salo ne aka ɗauko daga Turai. A garin Edirne na ƙasar Turkiyya akwai asibitin da Sarkin Musulmi Bayazidu na Biyu ya gina, aka gama a 1488, inda a ke yi wa masu taɓin hankali jiyya da kiɗa da ƙarar ruwa mai gudana. Matafiyin nan Evliya Celebi, wanda ya ga wurin a ƙarni na 17, ya ba da labarin cewa makaɗa 10 ne ke zuwa sau 3 a mako. A Amurka kuwa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, makaɗa sun riƙa zagaya asibitocin sojojin da su ka dawo da rauni a jiki da zuciya. Da likitoci su ka ga yadda majiyyata ke farfaɗowa, sai aka mai da abin fanni na karatu. An fara ba da digirinsa a Jihar Mishigan a 1944, aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a 1950.

Mu ma a nan gida muna da namu darasin. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo na asibitin Aro, kusa da Abekuta, ya ga cewa kulle mai taɓin hankali a bayan katanga yana ƙara masa ciwo. Sai ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin su sauki majiyyata a gidajensu, kowane tare da ɗan'uwansa mai kula da shi. Majiyyaci ya karɓi magani da safe, ya koma cikin hidimomin ƙauye da yamma. Wannan tsari ya yi suna a duniya, har daga baya Lambo ya zama mataimakin babban darekta na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba kowane majiyyaci za a iya kai wa ƙauye ba, amma ana iya kai masa wani yanki na ƙauyen har bakin gadonsa, kuma kiɗa ya fi kome sauƙin ɗauka.

Abin da likitoci su ka tabbatar

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto wanda ya tattara bincike fiye da 3,000 a kan dangantakar lafiya da kiɗa da rawa da sauran ayyukan fasaha. Kafin wannan, a 2018, ƙungiyar masana ta Cochrane ta tace gwaje-gwaje 22 da aka yi da mutum fiye da 1,000 masu gigin tsufa da ke zaune a gidajen jiyya. Abin da su ka gano ya kamata a faɗe shi yadda ya ke, ba ƙari. Waɗanda aka yi wa zaman kiɗa aƙalla sau 5 baƙin cikinsu ya ragu, halinsu na yau da kullum ya gyaru. Amma ba a ga wata shaida mai ƙarfi ba cewa mantuwar ta warke. Saboda haka duk wanda ya ce muku kiɗa zai maye gurbin magani, ku juya masa baya. Mai farfaɗiya ko mai hawan jini ko mai taɓin hankali ya ci gaba da shan abin da likita ya rubuta masa.

A lura da wannan adadi na sau 5, domin a nan ne mu ke yawan kuskure. Zuwa ɗaya a shekara, ran salla ko ran Kirsimeti, alheri ne, amma ba shi ne ya kawo sauƙin da aka auna ba. Maimaitawa ce ta kawo shi. Mai goge ɗaya da zai zo kowace Laraba da la'asar ya fi ƙungiyar mutum 30 da za ta zo sau ɗaya da motoci. Tsohon da ya san Laraba na tafe zai tambayi rana, zai nemi a wanke masa riga, zai sa hula.

Abin mamaki game da gigin tsufa shi ne, waƙar da mutum ya koya yana saurayi ta kan daɗe a ƙwaƙwalwarsa bayan sunayen 'ya'yansa sun ɓace. Ma'aikatan jiyya sun sha ganin tsohuwar da ta yi makonni ba ta ce uffan ba, da aka ɗauko waƙar niƙa ta zamaninta sai ta karɓi amshi. Haka kuma mai ciwon makyarkyata, wanda likitoci ke kira Fakinsin, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, su kan fi iya jefa ƙafa daidai in akwai bugun da su ke bi. Masu gashin ƙashi suna amfani da wannan wajen koya musu tafiya. A birnin Niyok an buɗe ajin rawa musamman don masu Fakinsin tun 2001, kuma ya bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Kiɗan wa za a yi?

Wannan ita ce babbar tambaya, kuma amsarta ita ce: kiɗan mazauna gidan. Na taɓa halartar wani biki a wani gidan gajiyayyu, ba sai na faɗi suna ba. Tun da hantsi aka fito da tsofaffi aka jera a kan benci cikin rana. Babban baƙo bai iso ba sai bayan azahar. Makaɗa su ka juya wa tsofaffin baya, su ka fuskanci rumfar manya, su ka yi ta yabo ana liƙa musu kuɗi. Aka ɗauki hoto, aka watse. A ganina waɗannan bayin Allah an yi ado da su ne kawai, ba a yi musu wasa ba.

Kafin a gayyaci kowa, jami'in jin daɗin jama'a ko babbar nas ta zauna da mazauna gidan ta tambaye su ɗaya ɗaya. Wanda ba ya iya magana a tambayi danginsa. Dattijon da ya yi ƙuruciyarsa a wajen 1970 mai yiwuwa kalangun Mamman Shata ya ke so, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ko kotson Musa Ɗanƙwairo. Dattijuwa kuma ƙila kiɗan ƙwarya irin na Barmani Choge. Waɗannan duk sun riga mu gidan gaskiya, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015, amma kusan kowane gari akwai mai riƙe da irin kayan kiɗansu. Sai dai kada a ɗauka kowa Bahaushe ne. A ƙasar Mubi kaɗai akwai Guɗe da Fali da Njanyi da Fulani, ga Higi da Margi da Kilba a maƙwabta, kowa da gangarsa da takunsa. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Akwai kuma wanda addininsa bai bar shi ya saurari kiɗa ba. Wannan haƙƙinsa ne, kada a tilasta masa, kada kuma a kafa ganga a bakin tagarsa. Wani zai fi son bege ko ishiriniya, wani mandiri, wani karatun Alƙur'ani kurum. Majiyyaci Kirista kuwa ba abin da zai faranta masa rai kamar zumuntar mata ta cocinsu su zo da tulunansu. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Kwarhi kusa da Mubi, tana da irin waɗannan ƙungiyoyi a ƙauyuka da dama. Gidan da ke da mabiya addini biyu sai a raba ranaku.

Hattara

A ƙarshen watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram su ka mamaye Mubi, jama'a su ka watsu cikin duwatsu da ƙetaren iyaka, kafin a ƙwato garin a watan Nuwamba. Da yawa daga cikin waɗanda su ka ga wannan rana har yanzu ƙara mai ƙarfi ta ba-zata tana firgita su. Don haka a gidan jiyya ba a harba bindigar toka, ba a fasa abin wasan wuta, ba a kuma soma kiɗa da tsawa. A fara a hankali, a bar kunne ya saba. Amsa-kuwwa ba ta da amfani a ɗaki. Goge ko garaya ko gurmi sun isa. In har sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji, to ƙarar ta yi yawa. Fitila mai walƙiya kuma tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu.

Game da rawa, lalle ne a nemi izinin likita ko nas ga kowane mutum. Faɗuwa ita ce babban hatsari ga tsoho, domin ƙashin ƙugu in ya karye a tsufa da wuya ya koma daidai. A share fili, a kawar da tabarmar da za ta harɗe ƙafa, a yi da sanyin safiya ko la'asar, a ajiye ruwan sha. Wanda ba ya iya tsayuwa ya yi tasa rawar a zaune, da kafaɗa da tafi. Minti 30 zuwa 45 sun wadatar. Wanda ya ce ya gaji a mai da shi ɗaki, ba gardama.

Masu kuturta da masu ciwon sukari suna da wata matsala ta musamman. Jijiyoyin ƙafarsu kan mutu, har ƙaya ko tsakuwa ta huda su ba su ji ba, wurin ya zama gyambo. Kada su taka rawa ba takalmi, kuma a duba tafin ƙafarsu bayan an tashi. Su kuma makaɗa su kwantar da hankalinsu. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da kuturta, tun 1995 kuma kyauta a ke ba da su, kuma wanda ya soma sha ba ya sa wa kowa. Dungun da a ke gani a hannun dattijon Garkiɗa, inda aka buɗe wurin jiyyar kutare tun 1929, tabon ciwon da ya wuce ne. A gaisa da shi hannu da hannu, a zauna tabarma ɗaya.

Makaɗi da sana'arsa ya ke ci, mazauna gidan kuwa ba su da abin liƙi. Waɗanda su ka gayyato shi su biya shi tun kafin ya shiga, a kuma yi sharaɗi cewa ba roƙo, ba zambo, ba habaici da makanta ko gurguntaka ko hauka, ko da wasa ne. In zai yi kirari, ya yi wa tsofaffin: ya tambayi sunan mutum da garinsu da sana'ar da ya yi, manomi ne ko maƙeri ko tsohon soja, ya wasa shi da ita. Baƙi kuma su mai da wayoyinsu aljihu. Ɗaukar hoton majiyyaci a watsa a Facebook ba da yardarsa ba cin mutunci ne. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 a madadin tsohuwar dokar 1958, duka sun tsaya ne a kan kare darajar waɗannan mutane.

A ƙauye kuma fa?

Yawancin tsofaffinmu da majiyyatanmu ba a gidan gwamnati su ke ba, suna cikin ɗakunan 'ya'yansu da jikokinsu, kuma haka ya fi. Amma ɗaki ma ya kan zama kurkuku in ƙafa ta mutu. A gari kamar Mugulbu, mai unguwa da liman da fasto sun san kowane gida da ke da wanda ya shekara bai leƙa waje ba. Ran da za a yi kiɗan biki, sai samari su biyo ta ƙofar gidan su tsaya kaɗan, a fito da dattijo inuwa in ya yarda. Ƙungiyoyin ci gaban gari da ke Yola da Maiduguri da Kano su bincika ko akwai ɗan garinsu a kwance a asibiti, su nemi izinin hukumar asibitin su kai masa mai waƙa da harshensa. Ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Mubi da na Jami'ar Jihar Adamawa suna da ƙungiyoyin al'adun gargajiya, su ma ga aiki a gabansu.

Ranar 1 ga Oktoba, ban da bikin 'yancin kai, ita ce ranar tsofaffi ta duniya, kamar yadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 1990. Lahadin ƙarshe ta Janairu kuma ranar masu kuturta ce. Ƙungiyar da ke son farawa ta iya zaɓar ɗaya daga cikinsu. Ta fara rubuta takarda ga shugaban gidan ko sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ta faɗi yawan masu zuwa da irin kiɗan da za su yi, sa'an nan kafin a watse a ran farko a tsai da ranar dawowa, a sanar da mazauna gidan da baki.