Darasi: Gonar aro ba gado ba ce

Ƴan'uwa manoma na Madawa, Buza da Keita, in maigida ya rasu kada ku yi gaggawar raba gona. Ga yadda shari'ar Musulunci ta jera abin:

1. A yi mishi sutura.
2. A biya bashin da ake bin shi.
3. A cika wasiyya, amma kada ta wuce kashi 1 cikin 3. Ba a yi ma magaji wasiyya.
4. Sannan a raba. In ya bar ɗiya, matanshi tumuni gare su. Namiji rabon mata biyu, amma mace ma tana da nata.

Kafin rabo, ku binciki asalin kowace gona, ko ta tudu ce, ko garkar albasa a Tarka ko Majiya. Gonar aro ta mai ita ce. Wadda mamaci ya riƙe jingina, kuɗin su ne gado.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitin ƙasa, wato COFO. Ku tafi wurin maigari da shaidu, a rubuta iyaka, kowa ya karɓi takardarshi.

Tambaya: gonakin gidanku, nawa ne aro?