Ɗakin Ibadar Kiyomizu Kannon a Lambun Ueno

Baƙon da ya shiga Lambun Ueno a birnin Tokyo na ƙasar Japan, ya tarar da wani ɗan jan ɗakin ibada na mabiya addinin Buddha bisa tudu, yakan zaci don ƙawata lambun aka gina shi. Alhali kuwa ɗakin ya girmi lambun da shekara 242.

Wani babban malaminsu, Tenkai, shi ya gina shi a 1631, bisa fasalin wani mashahurin ɗakin ibada na birnin Kyoto. A wancan zamani ɗan ɓangare ne kurum na Kan'eiji, katafaren wurin ibadar da masu mulki na gidan Tokugawa suka ɗaure wa gindi. Yaƙin 1868 ya cinye akasarin gine-ginen, aka mai da filin wurin shaƙatawa a 1873. Wannan kuwa ya tsira, ya kuma tsallake girgizar ƙasa ta 1923 da ruwan bama-baman 1945.

Abin lura shi ne, bai zama kufai ba. Masu neman haihuwa sukan je roƙo. In buƙata ta biya, su kai 'yar tsana. Kowace shekara, ran 25 ga Satumba, akan yi wa 'yan tsanan addu'a, sannan a ƙone su.