Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Rage Ganganci A Wurin Aiki

Garin Godogodo da ke ƙaramar hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna ya bunƙasa ne da haƙar kuza a zamanin Turawan mulki, yayin da Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927. Daga ramin kuza zuwa layin dogo, har zuwa motocin da ke kwasar citta da doya a yau, arzikin yankin ya rataya ne a kan ayyukan da kuskure guda ke cin rai da jari. Darasinmu na wannan karo zai duba harkar sufuri: me ke sa ƙwararren direba ya yi ganganci, alhali ya san haɗarinsa?

Masana halayyar ɗan Adam sun yi nuni da dalilai uku.

Na farko shi ne sabo, wanda Hausawa suka kira turken wawa. Direban da ya fita da birki mai rauni ya dawo lafiya, gobe ba zai ga aibinsa ba. Masaniya Diane Vaughan ta nuna a littafinta na 1996 cewa irin wannan sabo ne ya kai ga tarwatsewar kumbon Challenger na Amurka a 1986, inda mutum 7 suka halaka. An sha ganin lahani a zoben robar kumbon, har aka daina ɗaukarsa matsala.

Na biyu shi ne tsarin biya. Mai motar da ke biyan direba gwargwadon yawan sawu, shi ne ya saya masa gudu da rashin barci, kome yawan gargaɗin da yake yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na uku shi ne shiru. Yaron mota da fasinja suna ganin ɓarna, amma kunya ko tsoro ya hana su magana. A ƙasar Kenya, James Habyarimana da William Jack sun liƙa takardu a cikin ƙananan motocin haya, masu ƙarfafa wa fasinja gwiwar tsawata wa direba. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna cewa neman diyyar inshora ya ragu da kimanin rabi a motocin da aka liƙa wa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu a 2017. Sai dai na'ura ba ta gyara tsarin biya. Wannan aikin masu motoci ne da shugabannin tasha.

Don haka ya kamata a haɗa ladan direba da isar kaya lafiya, ba da yawan sawu kaɗai ba. A riƙa duba birki da taya kafin kowace fita, mai dubawa yana faɗin abin da ya gani da baki, kamar yadda ma'aikatan jirgin ƙasa na Japan ke nuna alama da yatsa su ambace ta. Bugu da ƙari, wanda ya ba da rahoton haɗarin da aka tsallake rijiya da baya a yaba masa, kada a ci shi tara, domin ranar da aka hukunta mai faɗa, ranar ce labari zai daina isa ofis.