Sauya tsofaffin wayoyin lantarki na gida

A shekarar 2022 Komadugu ta cika ta shiga gidaje a jihar Diffa. Ruwa ya janye, amma danshi ya daɗe cikin bango. Danshi da zafi da ɓeraye su ke cinye robar waya. Idan ka ji ƙaurin roba ko ka ga makunni ya yi baƙi, lokacin sauya waya ya yi.

Manomin tattasai na Assaga ya saba da gyaran injin ban ruwa da hannunsa. To, wutar gida mai ƙarfin volt 220 tana kisa nan take, ko ta NIGELEC ce ko ta janareto.

Da farko kashe babban makunni, ka gwada waya da abin gwaji. Kada ka taɓa mita. Wannan aikin ma'aikatan NIGELEC ne.

Sayi wayar jan ƙarfe. Mai lamba 1,5 ta kwan fitila ce, mai 2,5 ta soket ce, inda ake jona firji ko dutsen guga. Siririyar waya tana zafi idan kaya sun yi mata yawa, daga nan gobara take tashi. Kankare bakin waya tun a kanti: idan cikinta fari ne, alminiyam ce aka shafa wa launi, bar musu abinsu. Zura waya cikin bututun roba. Ɗaure mahaɗa da leda, wanda mutane da yawa ke yi, ganganci ne.

Haɗin ƙarshe kuwa, kira gwanin lantarki ya duba kafin a kunna.