Amsar Wasiƙunku: Garin da Ɗalibi Ke Fara Koyon Harbi

 Wasiƙarmu ta farko daga Birnin Ƙonni ta fito. Mai ita yana cewa ya ji wai akwai ƙasar da ɗalibin jami'a sai ya koyi harbi kafin a bar shi ya fita daji, shin gaskiya ne ko shaci-faɗi?

To Malam, ba a yi maka ƙarya ba. Wurin sunansa Svalbard, tsibiran ƙasar Norway ne can ƙuryar arewa, inda ƙanƙara ta yi gida. Abin tsoron shi ne farar beyar, dabbar da babban namijinta kan haura kilo 500, kuma in ta zabura ba ɗan Adam ɗin da zai tsere mata. Dokarsu ta ce duk mai fita wajen garin Longyearbyen sai ya riƙe abin korarta, hukuma kuma ta ba da shawarar a haɗa da bindiga. Shi ya sa cibiyar jami'ar garin ke fara kai sababbin ɗalibai filin harbi.

Sai dai riƙon bindiga daban, iya ta daban. A watan Agustan 2011 beyar ta faɗa wa sansanin wasu matasa 'yan Birtaniya suna barci. Igiyar gargaɗin da suka kewaye tantunansu da ita ba ta tashi ba. Jagoransu ya ɗaga bindiga, ya ja kunama har sau huɗu, shiru kake ji, harsasan suka zube ƙasa. Sai da dabbar ta ji masa mummunan rauni kafin ya lalubo harsashi guda ya sake ɗurawa, ya harbe ta. A lokacin ta riga ta kashe yaro ɗan shekara 17.

Don haka horon nasu maimaici ne: ɗura harsashi da yatsun da sanyi ya ƙandare, a yi harbi a kwance, a durƙushe, a tsaye, har hannu ya haddace. Ƙirji ake auna, ba kai ba.

Kada kuma ka ɗauka farauta ce, Malam. Tun 1973 aka hana farautar beyar. Bindigar tartsatsi ake fara harbawa don a razana ta, wanda kuwa ya kashe beyar sai ofishin gwamna ya bincike shi.